Inda Auta Ta Faɗo

Malama ta daɗe da barin koyarwa, amma koyarwa ta ƙi barinta. Da yake ba ta da sauran ɗalibai, sai ta koma kan rediyo. Tana zaune a ɗakinta da ke hawa na biyu, kofin shayi a hannu, mai karanta labarai zai faɗi abu ta gyara masa, shi ya ci gaba da surutunsa ko a jikinsa, ita kuma ta ja tsaki ta ce, "Ka dai ji da kyau." Daga nan hirarta ta yini take farawa, kuma sau da yawa nan take ƙarewa, in dai ba ta sauka sayen burodi ba.

Wata safiya aka kawo wani masani a rediyon yana bayanin sararin sama. Ya ce tsakaninmu da rana kilomita miliyan ɗari da hamsin ne. Mai gabatar da shirin ya ce, "Kai! Ikon Allah," suka wuce zuwa wata maganar.

"Ikon Allah kam," in ji Malama, "amma ƙarya kake ka ce ka gane. Wa ya taɓa taka miliyan da ƙafarsa? Ku auna wa mutum da abin da ke jikinsa mana."

Haka ta yi duk shekarunta a aji. Kafin yaro ya taɓa rula sai ya san daninsa, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in ya ware su. Sai ya san kamunsa, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu. Sai ya san takunsa. Da waɗannan ta sa yara suka auna aji da filin wasa da tsawon shugaban makaranta, ba da saninsa ba. Akwai kuma gaba, wato in mutum ya ware hannuwansa biyu, amma wannan Malama ba ta cika son ambatonta ba yanzu, don wadda take yi da ƙanwarta ta ishe ta.

Ƙanwar ita ce Auta. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma titi ɗaya suke zaune, Malama a wannan kai, Auta can gaba bayan gada. Lokacin da Innarsu take kwance a gidan Auta, kullum sai Malama ta taka ta je. Rannan ta tarar an ba Inna magani kafin abinci alhali likita ya ce bayan abinci, sai ta gyara wa Auta, a gaban 'ya'yanta, da irin muryar da take gyara wa 'yan aji uku. Auta kuwa ta kwana ba ta runtsa ba, ga wankin jinya jibge. Ta ɗago ta ce, "Yaya, ke da ko kyanwa ba ki taɓa raino ba za ki koya min jinya? Je ki ki yi wa allonki."

Malama ba ta taɓa haihuwa ba, kuma Auta ta fi kowa sanin irin kukan da ta sha a kan haka. Malama ta miƙe. Ta sa takalminta ta fita. Ta ci gaba da zuwa duba Inna, amma a tsaye, ta gaishe ta ta juya. Da Inna ta rasu suka zauna ɗaki ɗaya ana yi musu gaisuwa, kowacce tana amsawa ta nata ɓangaren. Bayan an watse sai shiru ya zauna. Masu cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa sun faɗa har sun gaji, wasunsu ma sun bi Inna. Malama tana kewar ƙanwarta, kewa mai tsanani, irin wadda ke tashe ta da ciwon ƙirji. Amma ta rantse wa kanta ba za ta taka gidan nan haka kawai ba, kamar mai zuwa roƙo.

To, a safiyar nan ta kashe rediyo, ta jawo wani tsohon littafin makaranta daga kan kanta, ta yage shafin kalandar watan jiya ta juya bayansa. Abin da take so ta gani shi ne, in aka mayar da rana ƙaramar aba da za a riƙe a hannu, ina sauran duniyoyin za su faɗo? Lissafin bai ba ta wuya ba. In ka jera rana kusa da rana, sai ka jera ɗari da takwas kafin ka iso duniyarmu. Duniya ta takwas kuwa, ta can ƙarshe wadda ido ba ya gani, sai ka jera fiye da dubu uku da ɗari biyu.

Saura abin da zai tsaya a matsayin rana. Ta shiga kicin ta sauko da murafen tukwanenta uku. Ƙaramin, na tukunyar da take dafa abincinta ita kaɗai, dani ɗaya ne. Ta buga lissafi, ta ga ta ƙarshen ko gada ba za ta kai ba. Ta ce wannan ya yi ƙanƙanta, mutane ba za su gani ba. Ta ɗauki babban, na tukunyar da rabonta da wuta tun ana taruwa a gidan nan. Ta buga, ta ga ta ƙarshen za ta wuce unguwar gaba ɗaya ta faɗa layin dogo. Ta ce wannan ya yi nauyi, ƙusa ba za ta riƙe shi ba. Sai ta aza hannunta kan na tsakiyar, ya zo kamu ɗaya cif.

Takunta kamu ɗaya da rabi ne, wannan ta san shi kamar sunanta. Ta raba, amsa ta fito taku dubu biyu da ɗari da 'yan kai. Ta daɗe tana kallon lambar. A zamanin jinyar Inna, don ta hana kanta tunani a hanya, takan ƙirga takunta daga gindin bene zuwa ƙofar Auta, kuma abin da take samu ke nan kusan kullum. Ta ce wa murfin, "Ni dai don ka cika kamu na ɗauke ka." Ko murfin bai yarda ba. Da biyu ta yi, fakewa ce da guzuma a harbi karsana, kuma ta fi kowa sani.

Ta sayi ƙaramin gwangwanin fenti ruwan ɗorawa da wani shuɗi, da siririn buroshi. Ta shafe murfin, ya bushe, ta sauka da shi wurin mai kantin da ke gindin benensu.

"Malama, abinci za a fara sayarwa ne?" in ji shi.

"Rana ce. Ƙusa nake so ka buga min a nan gefen ƙofarka."

"Rana? Ga wadda Allah Ya ba mu tana neman kashe mu, za ki ƙaro wata?"

Ya dai buga. Malama ta jingina bayanta da bango, ta fara takawa tana ƙirgawa a fili. Dokar da ta kafa wa kanta ita ce, duk inda duniya ta faɗo sai ta nemi mai bangon ta roƙi izini kafin ta ɗiga fenti. Ta ce haka ladabi yake. Gaskiya ne haka ladabi yake, amma ita ta san ƙofar da wannan dokar za ta sa ta ƙwanƙwasa a ƙarshe.

Ta farko ta faɗo a shagon mai aski, ɗigo kamar kan allura. Sai da ya sa tabarau kafin ya yarda an zana wani abu. Ta biyu, Zara matar wata, ta faɗo a bangon wata mai ɗinki, wadda ta ce in dai ba za a ɓata mata allon talla ba a yi ta yi. Ba a yi nisa ba sai ga duniyarmu, daidai ƙofar mai wanki da guga. Malama ta ɗiga shuɗin fenti, bai kai ƙwayar wake ba, ta rubuta a ƙasa da hannun nan nata mai kyau.

Mai wanki ya ajiye dutsen guga ya fito, ya sunkuya ya duba.

"Malama, wannan ce duniyar?"

"Ita ce."

"Duka? Da ni da maiɗakina da surukata, duk muna cikin nan?"

"Har da surukarka da kayan da ta zo da su."

"Shi ya sa numfashi ke min wuya," in ji shi. Mutanen da suka taru suka kwashe da dariya. Ya ce, "To ina wata?"

Malama ta aza tafin hannunta gefen ɗigon, ta ƙara kaɗan, ta taɓa bango da bakin buroshi. "Ga shi nan. Duk bugun ƙirjin da ake yi an je wata, iyakar tafiyar ke nan."

Mai wanki ya waiwaya ya hango murfin can yana ƙyalli a gefen kanti, ya dawo ya dubi ɗigon, ya yi shiru. Wannan shirun Malama ta san shi. Shi ne shirun da yaro ke yi in abu ya shige shi, kuma rabonta da jinsa tun tana da alli a hannu. Sai ta ji idonta ya cika, ta yi kamar fentin ne ya shigar mata.

Ta huɗu, jar duniya, ta faɗo a kemis. Mai kemis ya ba ta kujera da ruwan sanyi, ya yi ta tambaya. Ranar nan Malama ta yi maganar da ba ta yi ba a wata guda. Da ta hau sama muryarta ta dishe, ta kunna rediyo, mai labarai ya yi kurakurai har biyu ta ƙyale shi.

Amma duniyoyin nan huɗu ne kawai ke zaman maƙwabtaka. Daga jar duniya sai fili. Ta biyar, ƙatuwar cikinsu, sai da Malama ta wuce duk shagunan da aka san ta kafin ta iso gare ta, a katangar wata makaranta. Maigadin ya ce shi ba ruwansa, in dai ba zagin kowa za a rubuta ba. Ta zana da'ira kamar lemon tsami, ta cike ta. Ba wanda ya tsaya kallo sai wani mai jiran mota, shi ma da motar ta zo ya tafi.

Kowace fita daga murfin take farawa, don ba ta yarda da haɗa lissafin jiya da na yau ba. Takan zuba tsinken ashana a aljihun dama, duk taku ɗari ta mayar da ɗaya hagu. Gwiwoyinta ba sa yarda da fita biyu a jere, don haka in ta fita yau sai ta yi kwanaki tana shafa musu man zafi tana ba su haƙuri.

Ta shida, mai zobe, ta faɗo a bangon wani ƙaramin asibiti. A nan ba wanda ya san ta da Malama, Mama suke ce mata. Wata ma'aikaciyar jinya ta saurari bayaninta har ƙarshe da fara'a, tana gyaɗa kai, sannan ta ce, "To Mama, zana abinki. In kin gama ki shigo mu ɗan gwada jininki. Wa ya rako ki?"

"Ƙafafuna," in ji Malama, ta sha toka. Ta zana zoben a karkace don haushi, sai da ta dawo ta gyara.

Tsakanin ta shida da ta bakwai tafiya ce mai cin rai, daidai da duk abin da ta taka tun daga rana. Ba inuwa, ba wurin zama, sai motoci. A yadda ta tuna hanyar, a kan gada ya kamata ta faɗo. Amma da ƙirgen ya cika, gada tana can gaba, ita kuma tana tsaye gaban wasu shaguna da aka rufe, sai ɗaya da ake walda a ciki. Ta ce ai an yi aikin titi tun bayan rabonta da nan, wataƙila sun karkata shi. Ta yi wa mai walda sallama har sau uku. Ya ɗaga abin da ya rufe fuskarsa da shi, ya saurara, ya ɗaga kafaɗa, ya mayar. Ta ɗiga abinta, girman maɓallin riga, ta rubuta Ta Bakwai. Ta waiwaya, ba murfi ba alamarsa. Ta tsaya ita kaɗai da gwangwani a hannu, ta ji tausayin ɗigon ya kama ta, abin da ba ta taɓa ji ba a duk shekarun da ta yi tana koyar da shi.

Saura ɗaya. Sunayen littafi suna karya harshe, shi ya sa tun farko take ba su sunan gida. Ta takwas kuwa ba sai an nema mata ba, ita ce autarsu, kuma abin da za a rubuta a bangon ke nan.

Malama ta shirya maganar da za ta faɗa, ta yi ta maimaitawa tana wanke kofi. "Salamu alaikum. Ba wurinki na zo ba, bangonki nake so. Lissafi ne ya kawo ni, ga shi a rubuce in kina musu." In Auta ta ce a'a, shi ke nan, ba ita aka ƙi ba, fenti aka ƙi. In ta ce to, dole ta fito ta ga inda za a ɗiga, dole ta ga abin da za a rubuta, daga nan kuma Allah Ya san sauran. Dabara ce mai kyau. Sai dai mai dabarar ta kasa fita. Yau gwiwa, gobe hadari, jibi fentin ya yi kauri sai an nemo abin tsinka shi.

Rannan ta kai zannuwan gado wurin mai wanki, ya ce, "Malama, kin ce takwas ne. Na aiki kaina har wurin mai walda na ga ta bakwai. Ina autar?"

"Tana nan tafe."

"Ni fa na yi nawa lissafin na jahilai," in ji shi, yana ninke zane bai dube ta ba. "Na ga kamar can bayan gada za ta faɗo. Hannunka dai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Guga aka kawo maka, ba a kawo maka shari'a ba," in ji Malama. Ta fita fuu, ta manta da jakarta, sai da ya biyo ta da ita.

Washegari da hantsi ta yi wanka, ta sa mayafinta mai kyau, ta ƙirga ashana ashirin da ɗaya ta zuba a aljihu. Ta jingina da bango a ƙarƙashin murfin, ta yi bisimilla, ta taka. Ta wuce mai aski da mai ɗinki, ta wuce mai wanki ba ta dubi ɓangarensa ba. Ta wuce makaranta da asibiti da mai walda. Ta hau gada tana riƙe da ƙarfen gefe, ta sauka. Bakinta yana ƙirge, zuciyarta tana maimaita ba wurinki na zo ba. Ta sa hannu a aljihun dama ta ji tsinke ɗaya ya rage. Ta mayar da shi hagu, ta ƙarasa 'yan kan, ta tsaya.

Doguwar katangar wani sito ce, ba ƙofa ba taga. Gefe guda wurin wankin mota ne, ruwan kumfa yana gangarowa ya ratsa hanyar masu tafiya a ƙasa. Layin su Auta yana can gaba, da ƙyar take hango itacen da ke bakinsa.

Ta zazzage ashanar a tafin hannu ta ƙirga. Daidai suke. Ta ciro shafin kalandar ta bi lissafin daga sama har ƙasa, ba kuskure ko ɗaya. Ta sake bi. Malama ba ta saba lissafi ya ci amanarta ba, sai ta tsaya tana dube-dube kamar wadda aka yi wa yankan aljihu. Nan idonta ya faɗa kan sawunta. Ta tako ruwan wankin mota ba ta lura ba, ga shatin takalminta nan a jere kan siminti, kusa-kusa da juna.

Ta ajiye gwangwanin. Ta kama bakin mayafinta ta auna kamu ɗaya a hannunta, ta riƙe wurin da yatsu. Ta dafa katanga ta sunkuya da ƙyar, ta shimfiɗa shi daga dunduniyar sawu ɗaya zuwa ta na gaba. Kamu ɗaya ne, da ɗan abin da bai kai faɗin yatsu biyu ba. Ta gwada na gaba, haka. Rabin kamun nan da take tinƙaho da shi ya tafi, kuma ba ta san ranar da ya tafi ba. Takun da ta yi lissafi da shi na matar da ke zuwa jinyar Inna ne, mai sauri, mai ɗauke da kwanon abinci a hannu ɗaya. Ashe tun rabonta da gidan Auta ƙafafunta suke raguwa a ɓoye, ita tana can tana gyara wa rediyo magana.

Wani daga masu wankin motar ya leƙo ya ce, "Mama, wani abu ya faɗi ne?"

"A'a, ɗana. Yi aikinka."

Ta miƙe ta jingina da katangar. Abin da ya fara zo mata shi ne na malamai: duk bakwai ɗin nan ba sa wurinsu. Ta yi wa mai wanki ƙarya, ta yi wa mai kemis, ta matso da sararin Allah ta takure shi daidai ƙafar tsohuwa. Ba za ta iya zuwa ta ce lissafi ne ya kawo ta ba alhali ta bar ɓarna bakwai a bayanta. Gyaran kuwa a fili yake. Ta koma gida, ta nemo igiya ta auna da kamu, ta goge, ta sake roƙon izini bango-bango. Sai ta ji wani daɗi ya ɗan ratsa ta, don aiki ne na watanni, da hira a ciki, kuma ba sai ta ƙwanƙwasa ƙofar kowa yau ba. Har ta sunkuya za ta ɗauki gwangwanin.

Sawun nata ya fara bushewa a kan simintin. Ta tsaya tana kallonsa. In shekarun nan sun cinye kashi ɗaya cikin uku na takunta ba ta sani ba, me watannin gyaran za su bar mata? Gadar da ta haura yau da taimakon ƙarfe, wa ya yi mata alkawarin za ta sake haura ta? Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, wanda ya fi girman kanta ƙarfi. Ta zare hannunta daga gwangwanin, ta bar shi nan gindin katanga da buroshin a kai. Ta zubar da ashanar a kwata.

Sauran tafiyar ba ta ƙirga ba, kuma ta yi mata tsawo ƙwarai. Sau biyu tana zama kan dakalin mutane. Maganar da ta shirya ba ta da sauran amfani, ta nemi wata ta rasa. Ta shiga layin, ta wuce itacen, ta iso ƙofar. An sake mata fenti, amma ita ce. Ta ji labari a bakin mutane cewa 'ya'yan Auta duk aiki ya watsa su, mijinta kuwa tun kafin Inna ya riga mu gidan gaskiya. Ta ɗaga hannu, ta sauke. Ta sake ɗagawa ta ƙwanƙwasa.

Shiru. Sai can daga ciki ta ji motsi, da jan silifa a ƙasa, da wani ƙwas-ƙwas na sanda tsakanin ja da ja. Malama ta san wannan barandar, 'yar gajeriya ce, da Auta a guje take ratsa ta tana ɗaura ɗankwali. Yau ana ta tahowa, ana ta tahowa, ba a iso ba. Ta ji an tsaya an huta. Aka ci gaba.

Ƙofar ta buɗe kaɗan. Wata tsohuwa ce, ramammiya, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali, hannu ɗaya a kan sanda. Ta ƙanƙance ido tana duban hasken waje.

"Yaya?" Sai fuskarta ta canja, ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"Kar ki ɓoye min, Yaya. Ke ba za ki zo haka kawai ba. Wa ya rasu?"

Malama ta buɗe baki za ta sake cewa ba kowa, sai ta tsinci kanta tana bin danginsu ɗaya-ɗaya a zuci. Inna da Baba. Yayansu namiji. Goggo. Kawunnai biyu. 'Yar goggon da suka tashi tare. Ta zo ƙarshe da wuri.

"Wa ya rage da zai rasu, Auta?" in ji ta. "Daga ni sai ke."

Auta ta tsaya riƙe da ƙofar. Ta dubi Malama daga mayafi har takalmin da ya jiƙe, ta daɗe a kan takalmin. Ba ta ce shigo ba, ba ta ce sannu da zuwa ba. Ta saki ƙofar, ta juya a hankali da taimakon sanda, ta fara komawa ciki.

"Ki turo ƙofar," ta ce ba ta waiwayo ba. "Ki kula, akwai ɗan tudu a nan, ya sha kayar da ni."

Malama ta shiga ta turo ƙofar. Barandar ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, sai ta bi bayanta, tana rage takunta don kar ta taka wa ƙanwarta dunduniya.